Dandalin Lissafi: Abin da Sitiyarin Ƙofar Ruwa Ya Koya Mana

Duk lokacin da jarrabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato, kuka ɗaya muke ji a aji: tambayoyin nan masu alamar tauraro, a * b, mene ne amfaninsu? Mukan haddace hanyar amsa su, mu shiga ɗakin jarrabawa, ta gudu ta bar mu. A wannan makon mu ajiye hadda, mu gangara bakin kanal.

Ruwan da ke raya shinkafar Kura da Bunkure a rani daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974. Kafin ya iso gona sai ya ratsa ƙofofin ƙarfe, wasu daga cikinsu da sitiyari ake ɗaga su. Mu shafa alli a gefen sitiyarin, mu sa masa ido.

Wani ya juya shi digiri 270, wani ya ƙara 180. Jimilla 450 ke nan, amma allin yana daidai inda juyin digiri 90 zai kai shi, domin 360 cikakken zagaye ne. Juyi biyu sun haɗu sun haifi juyi ɗaya. Aikin tauraron ke nan: a ba shi abu biyu, ya dawo da ɗaya irinsu. Juyin digiri 0 ba ya canza komai. Kowane juyi kuma yana da mai warware shi, 260 ke mayar da allin da 100 ya kawar. Idan juyin uku ne a jere, ko biyun farko muka fara haɗawa ko biyun ƙarshe, wuri ɗaya za a tsaya. Duk tarin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, masana lissafi na kiransa ƙungiya.

Kwanakin mako ma ƙungiya ne. Idan yau Asabar aka ba gona ruwa, bayan kwana 10 Talata ce. Sai dai kwanaki tsalle suke yi, babu wata rana tsakanin Litinin da Talata. Shi kuwa sitiyari sulalewa yake yi. Tsakanin digiri 40 da 41 akwai wuraren tsayawa da ba su ƙirguwa.

Nan ne daɗin yake. A ce na farko hannunsa ya zame da rabin digiri, na biyu ma haka. Kuskuren ƙarshe ba zai wuce digiri 1 ba. Ƙaramin kuskure a juyi, ƙaramin kuskure a sakamako, haka ma wajen warwarewa. Reshen lissafin da ke nazarin kusanci irin wannan shi ne tofoloji, kuma ƙungiyar da haɗinta da warwararta ke mutunta kusanci ita ake kira ƙungiyar tofoloji. Mu lura, kusancin da'ira daban yake da na rula: 359 da 1 sun yi nisa a takarda, amma a sitiyari maƙwabta ne, digiri 2 kacal ya raba su. Sophus Lie, ɗan ƙasar Norwe da ya rasu a 1899, ya ƙarar da rayuwarsa a kan ƙungiyoyi masu sulalewa irin wannan, kuma yau masu sarrafa tauraron ɗan'adam da su suke lissafin juyawarsa.

Ga aikin gida. An ce a * b = a + b + ab. Buhun taki ya tashi da kashi 10 cikin ɗari, ya sake tashi da kashi 20. Mu sa 0.1 da 0.2, za mu samu 0.32, wato kashi 32, ba 30 ba. Wace lamba ce ba ta canza komai a wannan haɗi? Wane ragi ne zai warware ƙarin kashi 25? Kuma me ya sa -1 ba ta da mai warware ta? Ku miƙa amsoshinku kafin fitowa ta gaba.