Wa ya ce orijinal ne?

Jama'ar Damagaram, abin nan ya ishe mu. Yaro ya tara jika goma, ya je kasuwa neman mayon Barsa ko na Mena, mai kaya ya rantse masa orijinal ne. Wanki biyu, lamba ta ɓare. Ya koma, sai a ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

To wa ya tantance rigar? Mai kayan. Shi ne shaida, shi ne alƙali, kuɗin kuma na aljihunsa.

Ko a Amurka, inda kamfani na musamman ke duba tsofaffin katunan 'yan wasa, ido ya ruɗu. PSA ta ba wani katin Honus Wagner maki 8 cikin 10, sai a 2013 dillali Bill Mastro ya amsa gaban kotu cewa ya datse gefensa. Balle nan da ko resi babu!

Ba mu ce a daina sayar da kwafi ba, talaka ma yana son rigar kulob ɗinsa. A kira shi kwafi, a sa masa kuɗin kwafi. Wanda ya ce orijinal kuwa ya rubuta a takarda, in ta ɓare ya maido wa yaron jikarsa goma.