Manyan kalmomi ba su ne iya Turanci ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman na nan Kafanchan da Gidan Waya da Kachia, yau dai zan taɓo wani abu da na san wasu ba za su ji daɗinsa ba.

Makon jiya malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya dawo mini da babi na huɗu. Binciken a kan manoman citta ne, bayan cutar nan da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a damunar 2023. Na zuba Turanci wallahi, har ni kaina ina karantawa ina jin daɗi. Sai ga jan biro ya zagaye kalma ɗaya tak a wurare da yawa: prove. Ya ce mini, "Manoman ƙauyuka uku ka yi hira da su, shi ne har ka tabbatar wa duniya? Abin da ka samu nuni yake yi, bai tabbatar da komai ba." Manyan kalmomin da na kwana ina tonowa a ƙamus kuwa bai ce uffan a kansu ba, layi kawai ya ja ya soke su.

Na ji haushi a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya ce ya faɗa.

Mun taso da wani tunani cewa wanda ya iya Turanci shi ne wanda in ya buɗe baki sai an nemo ƙamus. Duk mun kalli bidiyon Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar nan na jihar Edo, mun yi dariya, amma a ƙasan zuciya wasunmu shi muke kwaikwaya in mun zauna rubutu. Na kuma san daga ina abin ya samo asali. An daɗe ana yi mana gori cewa ɗan Arewa bai iya Turanci ba, a sansanin bautar ƙasa, a wurin neman aiki, har a Facebook. Sai muka ɗauki kalmomi masu nauyi a matsayin garkuwa. Mai jarrabawar da za a kawo daga wata jami'a ranar kare kundinka ba ya tsoron wannan garkuwar. Tambaya ɗaya zai yi maka: me kake nufi a nan? In ka yi shiru, shi ke nan.

Ku nemi jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1960, yana nan a YouTube. Ku ƙirga kalmomin da ba ku sani ba. Ba su da yawa.

Kalmomin da muke bukata na daban ne, kuma an riga an tattara mana su. Wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar da jerin kalmomin karatun jami'a a shekarar 2000. Ta tace su ne daga rubuce-rubucen ilimi na kalmomi kusan miliyan uku da rabi, ta fito da dangin kalma 570, waɗanda su kaɗai ke cin kusan kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan rubuce-rubuce. Sunansa Academic Word List, kyauta yake a intanet. Rukunin farko kalmomi 60 ne, irin su assume, assess, indicate, factor, significant. Babu wadda za ta sa a tafa maka a cikinsu. Amma tambayi kanka tsakani da Allah, ka san bambancin significant a bakin mai hira da significant a bakin mai lissafin ƙididdiga? Ni sai a shekarar nan na daina haɗa su.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu da Hausa muna da wannan tsantsenin. In ka ce "wai citta za ta yi tsada", ka zare hannunka daga maganar. In ka ce "ga alama za ta yi tsada", ka ga wata shaida amma ba ka rantse ba. In ka ce "tabbas", ka ɗauki nauyi a kanka. Kowace mai sayar da kayan miya a kasuwar Kafanchan ta san wannan bambancin. To haka yake tsakanin claim da suggest da demonstrate. Da zarar mun koma Turanci sai mu jefar da hankalin da muke da shi, mu riƙa ɗaukar duk kalmar da ta fi tsawo.

Shi ya sa nake adawa da manhajojin nan masu sauya kalma da 'yar uwarta. Suna ba ka kalmar da ta yi kama, ba su ba ka abokan tafiyarta ba. Ana cewa heavy rain, ba a cewa weighty rain, alhali ƙamus zai ce maka duk nauyi ne. Kalma da zugarta take yawo.

Wani zai ce ai yawan kalmomi ma dole ne. Haka ne. Paul Nation, shi ma daga waccan jami'ar, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu na bukatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba. Ba ƙaramin aiki ba ne, kuma haddar jeri ba za ta kai ka can ba. Yaron Kagoro ko Zonkwa da ke yarensu a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, waye ya ba shi jerin kalmomin Hausa ya haddace? Ji ya yi ta yi, ya faɗa, aka yi masa dariya, ya gyara. Matsalarmu ita ce handawut muke karantawa, shi ma sai jarrabawa ta matso, don haka ba ma haɗuwa da kalma sau da yawa har ta zauna.

Abin da na fara yi yanzu ba shi da tsada. Kowace rana takarda ɗaya daga mujallar bincike ta fannina, ko da taƙaitaccen bayanin farko ne kawai in data ta yi ƙasa. Duk kalmar da ta tsayar da ni, da jimlarta gaba ɗaya nake kwafa a ƙaramin littafi, ba ita kaɗai ba. Sai in duba ƙamus na masu koyo irin Oxford Advanced Learner's, don misalansa sun fi ma'anar amfani. Bayan kwana biyu in koma mata, bayan mako in sake. Mai son yin haka a waya, Anki kyauta ce a Android. Kalma biyar a rana ta ishe ni, amma sai kowacce ta shiga wata jimla tawa a kan citta kafin in ce na san ta.

Babin nan na huɗu ya ragu da shafi biyu bayan na kwashe kayan adon. Ranar Litinin zan mayar wa Malam, ku sa ni a addu'a.