Kafin a Tari Kyarkeci, Sai a Biya ta Maƙera

Makiyayin da ke kora tumakinsa cikin gonakin da aka girbe tsakanin Dutsi da Shargalle bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, mai yiwuwa kuma bai taɓa riƙe hannun gem ba. Amma da za a zaunar da shi gaban wasan kwamfutar nan mai suna The Long Dark, a nuna masa inda ake dannawa, akwai kyakkyawan zaton zai fi yawancin samarin birni daɗewa a raye. Dalili kuwa shi ne, abin da wasan ke hukunta mutum a kansa tun kwanakin farko abu ne da daji ya riga ya cire wa makiyayi tun yana yaro: ɗokin nuna jarumta a gaban dabbar da ta fi shi ƙarfi.

Wani kamfanin ƙasar Kanada, Hinterland Studio, shi ya ƙirƙiri wasan. Ya fara sakin gwajinsa a dandalin Steam a 2014, ya kammala fitar da shi a watan Agustan 2017. Labarin ba shi da tsawo. Wata guguwar maganaɗisu ta kashe lantarki da injuna, jirgin sama ya faɗi a wani tsibiri na arewacin Kanada a tsakiyar sanyi, mai wasa ya farka shi kaɗai. Babu aljani, babu dodo, babu rundunar abokan gaba. Abubuwa huɗu ake lura da su a jikinsa: sanyi, gajiya, ƙishirwa da yunwa. A tsakanin kowace bukka da ta gaba da ita kuma akwai kyarkeci yana sintiri. A tsarin wasan na asali, wanda ya mutu ya mutu ke nan. Ko ya kwana ɗari yana tara kaya, komai ya goge, sai ya koma ranar farko.

Lissafin mai hannu wofi

A gidajen gem na garuruwan Arewa, wasan ƙwallon ƙafa da na faɗa da na harbi su ne suka fi kasuwa, kuma duk sun koya wa yaro darasi ɗaya: abin da ya tare maka hanya, ka ture shi ka wuce. Da wannan tarbiyya sabon ɗan wasa ke shiga The Long Dark, ita ce kuma ke kashe shi.

A duba abin da karo ɗaya da kyarkeci ke jawowa, ko da mutum ne ya yi rinjaye. Dabbar za ta kayar da shi, su yi kokawa. In ya kuɓuta, zai tashi da rauni mai zubar da jini, wanda ke buƙatar bandeji nan take. Cizon na iya ruɓewa, don haka sai an sami maganin wanke ciwo, ko wani gansakuka da ke rataye a rassan itatuwa. Rigar da ke kare shi daga sanyi ta yage, gyaranta na cin ƙyalle da allura da sa'o'i. A cikin sa'o'in nan itacen wuta na ƙarewa, ciki na ƙugi, rana na faɗuwa. Kyarkecin da ya gudu bai kashe shi ba, amma ya miƙa shi ga sanyi, sanyi kuwa ba ya kuskure.

Wanda ya kewaye, abin da ya yi asara minti goma ne na tafiya. A kwanakin farko, lokacin da aljihu ba ya ɗauke da komai sai ashana 'yar kaɗan da gwangwanin abinci guda, kowane faɗa ciniki ne na faɗuwa. Riba ɗaya ce tak ake nema a wannan mataki, wato a wayi gari.

Abin da ruga ta riga ta sani

Dabarun da ƙwararrun 'yan wasa ke bi, in aka tuɓe musu rigar ƙanƙara, kusan dukkansu sanannu ne a duk inda ake kwana da dabbobi a fili.

Na farko shi ne wari. Wasan yana auna yawan ƙarnin da mutum ke ɗauke da shi. Ɗanyen nama, kifi da hanji suna janyo kyarkeci daga nesa, dafaffen nama kuwa warinsa bai kai haka ba. Mai hankali yakan gasa abin da ya samu a wurin da ya same shi, ko ya ci, ko ya ajiye ya dawo daga baya. Duk wanda ya taɓa dawowa daga kasuwar ƙauye da tsarabar nama bayan magariba a zamanin da kura ke yawo bai buƙatar a yi masa wannan bayani.

Na biyu wuta. Kyarkecin wasan yana shakkar wutar da aka hura, yana ja da baya in ya ga bakin wuta a hannu. Shi ya sa ashana ta fi harsashi daraja a makon farko, shi ya sa kuma ake ɗaukar bakin wuta daga wannan murhu a kai wancan don kada a ɓata tsinke. Wutar da ake hurawa a gefen garke aiki biyu take yi, ɗumi da gadi. A Kenya, wani yaro Bamasaye mai suna Richard Turere ya lura zakuna na gudun hasken da ke motsi, sai ya jera fitilu masu walƙiya a kewayen shingen shanun mahaifinsa kusa da gandun dajin Nairobi. Dabarar ta yi suna har ya yi bayaninta a taron TED a 2013.

Na uku sanin hanya da lokaci. Kyarketai suna da wuraren da suka saba sintiri. Mai lura yakan hau tudu ya duba kafin ya sauka, ya saurari haushi, ya duƙa ya yi sanɗa in ya zama dole ya wuce kusa, ya kuma riƙe a ransa inda ƙofa mafi kusa take, ko ta gida ce ko ta mataccen mota. Gudu ba ya fid da shi, domin dabbar ta fi shi sauri, kuma gudun na cinye ƙarfin da zai buƙata in kokawa ta kama. Saita makami ma yakan tunzura ta ta afko, don haka wanda bai tabbata da hannunsa ba gara ya bar kibiyarsa a kwari.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yi wa masu girman kai ciwo: a sadaukar da kaɗan don a tsira da yawa. In kyarkeci ya biyo sawu, mai wasa na iya yar masa da yankan nama ya shagala da shi. A birnin Harar na ƙasar Habasha an mai da wannan al'ada: akwai mutanen da ke ciyar da kuraye da dare a bayan ganuwa, gari da kura suna zaune shekara da shekaru kowa ya san iyakarsa. Bahaushe ya taƙaice maganar da cewa tsoro na daji, kunya na gida. Jin tsoro a inda ya kamata ilimi ne.

Tambayar da Kusugu ke yi

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan wannan duka, kuma ƙasar Daura ta fi ko'ina cancantar ta kawo shi. In kullum kewayewa za a yi, yaushe za a mallaki hanyar? Tarihin baka ya ce mutanen Daura sun zauna da macijin da ake kira Sarki a rijiyar Kusugu, ba sa ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Sun san lokacin dabbar, sun kiyaye dokarta, sun rayu. Amma garin da ke shan ruwa da izinin maciji kwana ɗaya a mako ba za a ce yana da 'yanci ba. Sai da Bayajidda ya zo da dare, tsohuwa Ayana ta faɗa masa halin da ake ciki, ya ɗauki guga ya nufi rijiya ya sare kan macijin, sannan ruwa ya zama na kowa a kowace rana. Ashe dai labarin da aka gina Hausa Bakwai a kansa yabon mai tunkara yake yi?

Haka ne, amma akwai zangon da masu ba da labarin kan wuce da sauri. Kafin Bayajidda ya iso Daura, ya tsaya a Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Mutumin da ya baro Borno a guje, ya bar matarsa a Garun Gabas, bai tunkari komai ba a tsawon wannan tafiya. Sai da ƙarfe ya shiga hannunsa ya tsaya gaban rijiya. Haka kuma, da mutanen Daura ba su yi haƙurin Juma'a ba, da bai tarar da garin da zai ceta ba.

Abin sha'awa, wasan ya bi wannan tsari sau da ƙafa. A mataki mai tsanani da ake kira Interloper, babu bindiga ko ɗaya a tsibirin, ba a tsintar wuƙa, ba a tsintar gatari. Dole mai wasa ya nemo babbar guduma, ya tara gawayin kwal da tarkacen ƙarfe, ya ratsa ƙasar kyarketai da hannu wofi har ya isa ɗaya daga cikin 'yan maƙerun da ke warwatse a tsibirin, ya ƙera wuƙarsa da kan kibiyarsa. Sandar baka da tsirkiyar hanji kuma sai sun yi kwanaki suna bushewa a ɗaki. Bayan nan ne lissafi ke juyawa. Kyarkecin da ake gudu jiya ya zama nama da fata, har a ɗinka riga da fatarsa wadda kan sa 'yan'uwansa su tsorata.

Don haka kaucewa zango ce a kan hanyar maƙera. Kuskure iri biyu ne, kuma kowanne na kisa. Akwai mai gaggawar da ya tari dabba ranar farko da dutse a hannu. Akwai kuma wanda ya sami bukka mai ɗumi ya ƙi fita, yana cin gwangwani ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, yunwa ta fito da shi a ranar da ba shi da ƙarfin ko ɗaga gatari. Na farko ya manta da Gaya, na biyu ya mai da Juma'a gida. Sabon ma'aikaci da ya tarar da rubabben tsari a ofis, da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari da ya shiga layin manya, duk sun san waɗannan mutane biyu, wataƙila ma sun taɓa zama ɗaya daga cikinsu.

Ƙazafin da aka yi wa dabba

Wajibi ne a faɗi inda wasan ya kauce wa gaskiya, kuma masu shi ma sun amsa haka a sanarwar da ke fitowa kafin a fara: sun sauya halin namun daji don wasa ya yi armashi. Kyarkeci na gaske gudun mutum yake yi. A Arewacin Amurka, kisan mutum da kyarkecin daji ya yi abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Waɗanda aka fi ambata a wannan ƙarni su ne na wani ɗalibi a lardin Saskatchewan na Kanada a 2005, da na wata malamar makaranta a Alaska a 2010.

Wannan gyara ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Dabbar da kakanni suka sani da suna kyarkeci ita ce karen dajin Afirka mai dabbare-dabbare, mai farauta a ƙungiya. Yau ta kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, inda aka fi sanin ragowarta shi ne gandun Niokolo-Koba na Senegal. Sannan a 2015, wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a mujallar Current Biology ya nuna cewa dilan nan mai ruwan ƙasa na yankin Sahel ya fi kusanci da kyarkecin Turai da Amurka a kan dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su, har masana suka sake masa suna zuwa kyarkecin Afirka. Wato malamin dajin tatsuniya, mai satar kaji da 'yan awaki, ɗan'uwan dabbar da ke cikin wasan ne. Shi kuwa da wayo da kaucewa ya rayu, a ƙasar da zaki ya ɓace, kura ta yi ƙaranci har an fi ganinta a hannun gardawa da takunkumi a baki.

Iyayen da ke ganin duk wasan kwamfuta ɓata lokaci ne suna da hujja a kan wasanni da yawa. Wannan dai ya cancanci a zauna kusa da yaro a kalla. In ya mutu karo na uku a bakin kyarkeci ɗaya, tambayoyin da za a yi masa su ne waɗanda dattijo a ruga zai yi wa ɗan da ya dawo babu tunkiya guda: me ka ɗauko mai wari, ina wutarka, wa ya ce ka bi ta kwari da yamma? Yaron da ya iya amsa su ya koyi tsarin da ya girmi kwamfuta da ƙarnuka: a fara da ruwa da wuta, a bi da maƙera, sannan a je rijiya.