Lafiyar Yaranmu: Kitsen da ke ɓoye a jinin yaro

A gidajenmu in yaro ya yi ɓul-ɓul, kumatu suka cika, sai a ce uwarsa ta iya kiwo. Mu kuwa a asibiti, in muka ga ɗan firamare da teɓa, yana haki daga ɗan gudu kaɗan, jininsa muke tunani. Yaro mai ƙiba yakan tara kitse a jini, wato kwalastarol da ɗan uwansa tiragilisarid, ba zazzaɓi, ba ciwon kai. A hankali kitsen yake manne wa jijiyoyin jini, sai an girma ya fito da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Da an ce kitse, hankalinki kan tafi ga man miya. Man yana da laifinsa, musamman wanda aka yi ta soya fanke da awara a ciki har ya yi baƙi. Amma ki leƙa jakar makaranta. Lemon kwalba ɗaya na da sukari wajen cokalin shayi 9. Ga biskit, ga cincin, ga lemon kwali da ake wa kallon ruwan 'ya'yan itace. Sukarin da ya yi wa jiki yawa, hanta ce ke mayar da shi kitse ta zuba a jini. Shi ya sa yaron da ba ya cin nama sosai ma gwajinsa kan hau. Kuɗin tara kuwa, kin san inda yake ƙarewa: wajen mai alawa a bakin makaranta.

Ki duba bayan wuyansa. In ya yi baƙi, kamar dauɗar da soso ya kasa fitarwa, sau da yawa alama ce jiki ya fara kokawa da sukari. Ki daina dirza, ki kai shi a auna jininsa. Ki tambaya tun da wuri ko sai bai karya ba za a ɗiba.

Kada a hana shi abinci, kada yayyensa su riƙa tsokanarsa. Tukunyar gidan duka za a gyara, don ba ya yiwuwa a miƙa masa ruwa Abba na shan lemo a gabansa. Dafaffen ƙwai, alale, gyaɗa, goba ko lemon zaƙi sun ishi tara. Zoɓon gida ma ki rage masa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Tsakanin boko da Islamiyya lokacin ya yi wuya, na sani. In hanya da tsaro, ya taka zuwa Islamiyyar da ƙafa.