Casemiro na Brazil da Pelen da muke da shi a Kano

A wani gidan kallon ƙwallo da ke Gyadi-Gyadi na tarar da matasa suna musu a kan Casemiro. Wani ya lissafo kofunan Zakarun Turai biyar da ɗan wasan tsakiyar na Brazil ya ci a Real Madrid, wani ya ce tun komawarsa Manchester United a 2022 ƙafarsa ta yi nauyi. Da na tambaye su ƙwallo nawa Rabiu Ali ya ci wa Kano Pillars, sai aka yi tsit.

Abin ya dame ni. Rabiu Ali, da Kanawa suka laƙaba wa Pele, ɗan wasan tsakiya ne da aka haifa a 1980, wato ya girmi Casemiro da fiye da shekara 11, kuma ya haura shekara 40 yana zura ƙwallo a gasar ƙasar nan. Da shi Pillars ta ci kofin gasar sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, sannan ta ɗauki kofin Aiteo a 2019. A gasar CHAN ta 2014, lokacin Stephen Keshi, Maroko ta zura wa Najeriya uku kafin hutun rabin lokaci, aka farke aka ci 4-3. Ɗaya daga cikin ƙwallayen nan tasa ce. Da Pillars ta faɗi daga babban rukuni a 2022, bai gudu ba, da shi aka dawo.

Ban ga laifin matasan ba. Duk motsin Casemiro yana cikin wayarsu, da bidiyo da alƙaluma. Na Rabiu kuwa sai dai ka tambayi wanda ya zauna a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da abin ya faru, kuma ƙwaƙwalwar mutum tana mantuwa.

Don haka nake ganin Pillars da hukumar wasanni ta jihar Kano su tattara bidiyon wasanninsa da adadin ƙwallayensa tun yanzu, su sa a intanet, su kuma shirya masa wasan girmamawa yana da sauran ƙarfi. Yaran da ke buga ƙwallo da yamma a filayen Tarauni za su fi ƙaruwa da ganin yadda yake buga bugun tazara da idonsu, tunda shi suna iya zuwa su gaishe shi.