Dorina Ba Ta Koyar Da Iyo

Jama'a, tun shekarar 1978 da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, ruwa ya iso mana har bakin gari, rani da damina. Kanal-kanal sun ratsa gonakin Mafara da Bakura da Maradun. An koya wa iyaye noman rani. To, wa ya koya wa 'ya'yansu yadda za su fidda kansu in sun faɗa ciki? Abin da muka tanadar wa yaro bai wuce dorina da labarin aljanun ruwa ba.

Amma yaro yaro ne. Ranar da zafi ya tsananta sai ya saci jiki, ya tafi inda babu babba, ga gefen kanal na siminti da gansakuka ta mayar tamkar sabulu. Mafi muni, idan ɗan'uwansa ya nutse, tsoron duka kan hana shi kururuwa da wuri. Wannan tsoron kuwa mu muka dasa shi.

A ƙasar Holan, kafin yaro ya sami takardar shaidar iyo sai ya shiga ruwa da tufafinsa ya fita. Kada wani ya ce ai su masu kuɗi ne. A Bangaladash, da gora ake killace gefen kududdufin ƙauye a koya wa yara. Ba sai ma mun yi nisa ba, ga Argungu nan, inda gwanintar ruwa ta Kabawa ta zama abin kallon duniya. Su ba Hausa suke ji ba?

Za a ce akwai tsargiya. Gaskiya ne, amma yaron da ke shiga a ɓoye shi ma yana kwasarta, sai dai ya ɓoye jinin. Za a ce mata fa? Mata su koya wa mata a killataccen wuri, domin jirgin da ya kife a Gummi a 2024 bai tambayi kowa jinsinsa ba.

Ku kuma 'yan'uwana marubuta, laifinku ba ƙarami ba ne. Kusan duk labarin da gulbi ya fito a ciki, ko dai 'yar ruwa ce ke jira, ko budurwar da aka yi wa auren dole za ta faɗa. Har yau ina neman littafin yara guda ɗaya da zan ba ɗalibaina, wanda a cikinsa kawu ya riƙe cikin yaro a ruwa iya gwiwa, yana koya masa buga ƙafa.