A Bar Yaro Ya Kwance Motarsa Ta Rimot

Duk wanda ya zaga unguwar Bolori a ranakun Sallah zai ga yara da motocin nan na roba masu rimot, waɗanda iyaye kan sayo musu a Kasuwar Monday. Kwana uku ko huɗu ana ta guje-guje da su a ƙofar gida, kafin mako ya zagayo sai ka tarar da su a bola, wata taya ta cire, wata yashi ya cika mata ciki. Idan kuwa yaro ya samo sukuddireba ya ce zai buɗe ya ga abin da ya lalace, to faɗa zai sha, wani lokaci har da bulala, wai ya cika ɓarna. Ni a ganina mu manya ne muke ɓarnar, domin ranar da motar nan ta tsaya, ranar ce amfaninta ya fara.

Mai karatu zai iya cewa, yanzu duk matsalolin da suka dame mu a Borno, sai a kan kayan wasan yara za a ɓata takarda? To, raina kama ka ga gayya. A wasu ƙasashe magidanta ne masu gemu suke tseren waɗannan motoci, har da ƙungiyar duniya mai suna IFMAR wadda aka kafa a 1979. Cikin azuzuwan da take kula da su akwai na motoci masu siffar motar shiga ta gida, waɗanda girmansu kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske, faɗinsu milimita 190, suna aiki da batir. An yi gasar duniya ta farko ta wannan aji a Japan a shekarar 2000, inda Atsushi Hara ya zo na ɗaya, kuma Afirka ta Kudu ta karɓi baƙuncinta a 2002 da 2018.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, tseren kansa minti biyar ne kacal, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Sauran yinin duk a kan teburin gyara yake ƙarewa. Motar tana ja ne da tayoyi huɗu, yawanci ta hanyar bel, kuma kowace taya da shokozobarta mai ɗauke da man silikon. Idan aka zuba mai kauri, motar za ta daina yawan rangaji a kwana, amma ta riƙa tsalle a wuri mai gargada. Idan aka zuba mai ruwa-ruwa, sai akasin haka. Haka ƙaramar giyar da ke bakin inji: a ƙara mata haƙora motar ta ƙara gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma ta yi nauyin tashi, injin kuma ya ɗauki zafi. Ana ɗan kwantar da tayoyin ciki da digiri ɗaya ko biyu don su kama ƙasa a kwana, tazarar cikin motar da ƙasa kuwa wajen milimita 5 ce, da ma'auni ake duba ta. Kuma ƙa'idar masu abin ita ce, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako a takarda, sannan a taɓa na gaba. Don Allah, wannan ba shi ne abin da malaman kimiyya suke ta fama su koya mana a sakandare da alli da allo ba?

Na san inda za a tare ni, wato kuɗi. Gaskiya ne, motocin gasa irin na kamfanonin Tamiya da Yokomo da Xray ɗaruruwan daloli ne, kuma uban da ke neman kuɗin makaranta ba zai waiwaye su ba. Yanayinmu ma ba ya raga musu. Ƙurar hunturu tana cinye boris da haƙoran giya, zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 kuma yana kumbura batirin litiyam, wanda idan aka huda shi ko aka bar shi a caji ba kula yana iya kamawa da wuta. Wannan kam dole babba ya tsaya a kai. Amma motar roba ta Kasuwar Monday, duk arharta, abubuwan da ke cikinta su ne na waccan: batir, da inji, da giya, da ɗan allon da ke karɓar umarni daga rimot. Masu gyaran waya suna da abin like waya da dalma, matattun na'urorin DVD cike suke da ƙananan injina, yaranmu kuwa da ma sun saba ƙera motar gwangwani da tayoyin tsohon silifas ba wanda ya koya musu.

Kada a manta, a nan Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana mayar da su masu lantarki. Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A watan Disamba na 2023 kuma aka ƙaddamar da motocin haya masu lantarki da masu gas na gwamnatin Borno. Tambayar da nake yi ita ce, idan waɗannan motoci suka tsufa, wa zai gyara su? Makanikin da ya ƙware a kafireto da filogi zai buɗe ya ga batir da inji da na'urar daidaita gudu, abubuwan da yaron da muka yi wa bulala ya so ya gani tun yana shekara tara.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun firamare da sakandare na Bolori da su ware rana ɗaya a kowane zango don tseren motocin rimot a farfajiyar makaranta, a share daɓen siminti, a zana hanya da alli. Sharaɗin shiga guda ne: sabuwar mota ba ta shiga, sai wadda ta lalace aka tayar da ita, ko wadda aka haɗa daga tarkace. 'Yan mata ma a ba su sukuddireba. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Ramat da na Jami'ar Maiduguri su zo su yi alƙalanci, su kuma kula da cajin batir. Kafin a busa usur, kowane yaro ya tsaya ya bayyana abin da ya canza a motarsa da dalilinsa, da Hausa ko da Barbarci, kuma a ba wannan bayani maki daidai da na gudu.

Mu ɗaliban Hausa ma da namu aikin a ciki. Bakin makanikai ya riga ya ba mu giya da birki da boris da shokozoba, amma ɗan allon nan mai karɓar umarni da na'urar daidaita gudu har yanzu kowa da yadda yake kiransu. Sai mu je wurin da littafi da biro, mu rubuta sunayen da yaran da kansu za su laƙaba musu.